Aikin Dare a Nafada

Wata goma sha huɗu ina yawo da fayil guda,
kore, har gefensa ya lanƙwashe da gumin hannu.
Mai fotokwafin bakin sakatariya ya haddace ni:
"Asabe, guda nawa yau?"
Maigadi kuwa tun ban gaishe shi ba:
"Oga ya fita. Ki dawo Talata."
Talata takan same ni a wani kemis a Pantami
ina ƙulla farasitamol bibbiyu a leda,
lasisina yana barci a ƙarƙashin katifa.

Ran da takardar ta fito, Inna na tankaɗe.
Ta karkaɗe gari, ta riƙe ta a juye,
ta ce, "Nuna min inda suka rubuta likita."
Na ce nas ce, Inna.
Ta ce, "Ba allura za ki yi ba? Duk ɗaya."

Mota ta zubar da kowa a Bajoga,
saura ni da buhun siminti da wata akuya mai ƙorafi.

Gado goma sha biyu, mu biyu.
Sista Rifkatu, 'yar Kaltungo,
shekara ashirin da shida tana wannan zirga-zirga,
ta dubi farin takalmina, ba ta ce komai ba.

Darena na uku wuta ta ɗauke,
janareto kuma ya sha mansa tun la'asar.
Aka shigo da yaro daga rugar ƙetaren kogi,
amai da gudawa, ido ya faɗa,
fata in ka ja ta sai ta tsaya tana jiranka.
A makaranta hannun roba muke sokawa,
jijiyarsa ɓaro-ɓaro kamar igiyar guga.
Wannan hannun bai kai kaurin karan dawa ba.
Na soka, ban samu ba.
Na sake.
Uwar ba ta jin Hausa, ni ba na jin Fulatanci,
ta dai karɓi wayata ta haska min,
hasken yana rawa, ko hannunta ne, ko nawa.
Sista ta ce daga bayana,
"Daina kallo. Yatsa ya fi ido gani."
Na rufe ido, na lalubo wani zare mai motsi.
Ɗigon jini ya hau, ƙarami kamar ƙwayar gero.
Ban taɓa murnar ganin jini ba sai ranar.

A gado na bakwai Malam Giɗaɗo ne,
mai ce min jikata,
mai ciniki da ni kan kowace ƙwaya: "Rabi dai, rabi."
Ƙarfe huɗu da minti goma na rubuta a takarda,
rubutuna tsaf, kamar na jarrabawa.
An koya mana rufe ido da ɗaure haɓa.
Ba wanda ya gaya min yadda ake yi da silifas
da aka jera a ƙarƙashin gado, suna fuskantar ƙofa.
Na tsaya riƙe da su.
Sista ta ce, "Ajiye. Wanke hannu. Ruwan gado na huɗu ya ƙare."

Wata uku ke nan, albashi yana hanya.
Mai shago ya buɗe min shafi a littafin bashi,
bai tambayi sunana ba, ya rubuta Nas.

Shekaranjiya uwar yaron ta dawo da ƙwaryar kindirmo,
ta faɗi wata kalma sau uku, na maimaita, ta yi dariya.
Yaron ya ɓuya a bayan zaninta, ya tsane ni sosai.

Yanzu asuba ta yi, ina saɓa farar rigata a bokiti.
Da ruwan sanyi ake fitar da jini, in ji Sista,
na zafi dafa shi yake yi.
Waya na ƙara a kan taga.
"Likita, kin ci abinci?"
Na ci, Inna.