Kwalbar da Ba ta Sha Ɗauraya Ba

Kwana uku famfon asibiti bai ce uffan ba.
A Damagaram wannan ba labari ba ne,
dutse gare mu har ya yi yawa, ruwa sai ya ga dama.
Inna Cima ta sayi jarka biyu hannun ɗan ga-ruwa,
ta wanke kwalaben gwaji da jabel,
ta ɗauraye sau ɗaya inda ta saba sau uku.
Ban tambaya ba. Ita ma ba ta ga abin faɗa ba.

Da hantsi aka kawo Barmu majemi daga Birni,
haɓo ya jiƙa masa gaban riga.
Na ɗebi jininsa, na ba inji ya juya
har ja ya kwanta, rawaya ya taso
da ɗan duhu-duhu kamar ruwan tsari.
A cikin duhun nan suke.
Likita falaket yake ce musu,
ni ƴan gayya nake kiransu.
Ba su kai ƙurar dusa ba,
ba sarki, ba mai unguwa,
amma jijiya na tsagewa sai kira ya tashi,
wannan ya miƙa hannu ya cafki wancan,
su cushe bakin ɓaraka
kamar mutanen Garin Malam daren da tafki ya ɓalle.

Na ɗiga musu maganin kira.
Ya kamata su dunƙule, ruwan ya washe.
Shiru.
An buga gangar gayya, kowa na tsaye a gona,
ba wanda ya kalli ɗan'uwansa.

Alƙalamina ya kai kan takarda.
Saura kaɗan in ɗora wa bawan Allah ciwon da ba nasa ba,
ya sayar da fatun wata shida ya nufi Yamai.
Hancina ne ya cece shi.
Warin nan na tsakar ɗakin haihuwa,
siriri, a bakin kwalba.

Na fasa sabuwa daga leda, na sake huda shi.
Ya ce, ɗan nan, awaki ma sau ɗaya ake yanka su.
Wannan karon kafin in ƙirga ɗari
gayya ta haɗu, ruwa ya yi garau.
Jininsa lafiya lau. Hawan jini ne da zafin bazara.

Abin da ke hana ni barci shi ne,
wannan gubar ba baƙuwa ba ce a jiki.
Fararen ƙwayoyin jini su ma suna dafa ta
su watsa wa ƙwayar cuta,
ɗan abin da ya fantsama ya toshe kunnen ƴan gayya.
In kuwa maiƙon jini ta fara taɓawa,
sai maiƙon ya zama ɗan zuga,
ya tara su inda babu rauni,
su datse hanyar da ba ta yi laifi ba.
Wuta ɗaya, nan ta dafa, can ta ci rumbu.

Da la'asar na sami Inna Cima bayan ɗaki
tana matse tsumma.
Na zo da faɗa a baki, sai na ga hannunta,
jabel ya ci shi shekara goma sha tara,
gaɓar yatsa ta tsage, jini ya tsatso ɗigo guda.
Na tsaya ina kallo.
Ya yi ƙyalli, ya yi duhu, ya tsaya.

Ta ce, lafiya kake kallona?
Na ce, Inna, nawa ne jarka yau?