Akori-kurar Eleuterio

Ranar Talata mai saye ya iso daga Montevideo,
takalminsa fes, bai taɓa gaisawa da taɓo ba.
Na buɗe masa rumfar kwano
inda motar mahaifina ta shekara tara a tsaye,
kaji na saka ƙwai a kujerarta.

Shuɗiya ce a da.
Yanzu tsatsa ta zana taswira a ƙofarta,
taswirar ƙasar da babu mai zuwa.
Ta girme ni da shekara goma sha biyu,
ta kuma fi ni sanin hanyar Tacuarembó.

Ya durƙusa, ya haska cikinta da tocila,
ya ƙwanƙwasa ƙarfe kamar mai zaɓen kankana.
"Injin na asali ne, Doña Nélida?"
Na ce na asali ne,
har tarin da take yi da asuba.

Ya shafa lotsawar da ke bayanta, ya yamutsa fuska.
Ban gaya masa bijimin Anacleto ne ya yi ta ba,
ranar da muka ɗauko ulu za mu kasuwa,
Baba ya zagi bijimin har kakanninsa
sannan ya zauna a ciyawa yana dariya.

Wai zai yi mata fenti, ya sa sababbin fitilu,
ta riƙa ɗaukar amare a bakin teku.
Ita da ta ɗauki tumaki, da gishirin shanu,
da akwatin gawar mahaifiyata cikin ruwan sama.

Ya taya. Na ce albarka.
Ya ƙara. Na dubi rufin ɗakina mai yoyo,
na sallama.

Sai ta ƙi tashi.
Sau uku yana murɗa mabuɗi, ko uffan.
Na ce matsa, yaro.
A taka totur sau biyu, a ƙirga bakwai,
a dafa sitiyari kamar kafaɗar tsohuwar ƙawa.
Ta yi tari, ta girgiza, ta amsa.
Da na yi shiru, da har yau tana nan.

Ta fita ƙofar gona da hayaƙinta,
ba ta waiwayo ba, mota ce.

Da yamma na koma rumfar.
Baƙin mai ya bar tabo a ƙasa, faɗin faranti.
Jar kaza na ta kewaya shi
da ƙwai a cikinta,
ta rasa inda za ta ajiye.