Ruwan da Ya Ƙi Fita

Ranar Asabar a Aboabo, hantsi ya dubi ludayi,
injin wanki ya tsaya cak, cikinsa fal da ruwa.
Ya wanke, ya juya, ya yi kumfa har wuya,
da aka zo zubarwa sai ya ce atafau.
Gurnani kawai yake yi ƙasa-ƙasa,
irin na tsohon da aka taɓa masa gadon gona.

Na leƙa ta gilashin ƙofarsa.
Ga zanen gado, ga rigar makarantar Sharifatu,
suna iyo a ruwa mai launin kokon jiya.

Issaka ne ya aiko shi daga Napoli.
Na hannu ne, wasu sun sha wanki da shi a can,
ya hau jirgin ruwa, ya sauka a Tema,
ya iso Kumasi ɗaure da igiya kamar rago.
Issakan kuwa, wata huɗu ke nan ban ji muryarsa ba.

Na kira Kwabena mai gyara a Suame.
Ya ce sidi ɗari da hamsin, tun kafin ya taɓa.
Na ce, Kwabena, ka gai da gida.

Sharifatu ta ce, Kaka, a fara zare filogi,
ruwa da wuta ba sa ga maciji.
Muka zare.
Muka janyo shi daga bango, ina nishi, tana dariya.
Tiyon baya ya lanƙwashe kamar gwiwata da asuba,
muka miƙar da shi, muka busa, muka saukar a bokiti.
Ɗis.
Ɗis.
Sai ya ɗauke.
Ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Can ƙasa, ta hannun dama, akwai wata 'yar ƙofa,
shekara biyu muna tare ban san da ita ba.
Da gindin cokali muka ɓalle ta.
Ga baƙin murfi ya cije, ya ƙi motsi.
Yarinya ta shimfiɗa tsumma, ta tura faranti,
na yi bisimilla, na murɗa hagu.

Wayyo ni!
Ruwa ya wuce faranti, ya wuce tsumma, ya ci tabarma,
ya bi ƙarƙashin ƙofa har ɗakin Maame Akosua.
Ta fito da tsintsiya tana faɗa da Tonanci,
ina ba ta haƙuri da Hausa,
kowa ya ji kowa.

Da muka zaro matata, ga abin da ta haɗiye:
ƙwallon dabino, fil ɗin gyalena da na zargi mutane a kansa,
curin zare mai wari kamar kwata,
da safar Sharifatu, wadda 'yar'uwarta ta gaji da jira.
Na zura yatsa cikin ramin, na taɓa 'yar farfela,
ta ƙi juyawa.
Wani abu ya maƙale mata a haƙori.

Da tsinke na ciro shi.
Kwabo ne, amma ba namu ba,
ƙarami, ja, duk ya yi kanta.
Sharifatu ta goge shi da bakin siket,
ta ce, Kaka, kuɗin can ne, senti biyar.
Shekara biyu yana ɓoye a lungu, sai yau ya gangaro.

Aljihun wa ya baro?
Na wata Baturiya da ba za ta taɓa jin sunana ba?
Ko Issaka ne ya gwada injin da wandonsa na aiki
daren da zai kai shi tashar jirgi?
Ban faɗa wa yarinyar ba.
Na dai ga ta riƙe shi ya fi ƙarfin senti biyar.

Muka mayar da murfi, muka ɗaure tamau,
muka sa filogi, muka danna.
Ya yi tari sau ɗaya,
sai ga sauran ruwa yana gudu ta tiyo,
ya bi kwata, ya nufi rafi, ko waiwaye babu.

Hadari na haɗuwa ta wajen Asawase,
ga shanya ba a yi ba, ga tabarma sharkaf.
Na ce, Sharifatu, goge hannunki,
ɗauko wayar nan,
sake gwada lambar ubanki.