Zangon Igiya

Yaron tiro-tiro yana ta ihu, "Igiya! Igiya! Saura mutum biyu!"
bai san abin da yake kira ba.
Ni na sani, don na taɓa tafin hannun kakana Cindo,
kaushinsa kamar bayan kada.

Goro ya kawo shi Ankara, uwar kuɗin ta narke a hanya.
Aka ce akwai aiki bayan gari,
inda Bature ya shuka wata irin moda,
layi-layi har ido ya gaji,
kowane ganye takobi, da ƙaya guda a baki.
Babu wanda ya san sunanta.
Suka ce modar Bature, ta amsa.

Guntun ƙarfen dogo aka rataye a bishiya,
Tette mai gadi ya buga shi kafin assalatu ta huce.
Ganye hamsin ɗauri ɗaya.
Ɗauri nawa kafin sule?
Kakana bai taɓa faɗa ba, sai ya yi tsaki
ya sosa damtse, inda ruwan ganyen ya ci shi
shekara arba'in da suka wuce.

Inji ya tauna, ya tofar da kore,
matan Ga suka wanke zaren a kwarami,
suka shanya shi a waya, fari fat, gemun dubun tsofaffi.
A nan ya ga Naa Korkoi.
Ba ta jin Hausa, ba ya jin Ga,
dokunu ɗaya suka raba da kifi da barkono,
sauran magana mu ne.

Zaren ya hau jirgin ƙasa, ya hau na ruwa,
ya ɗaure kayan mutanen da ba su san da Cindo ba.
Shi kuwa akuyarsa da tsumma yake ɗaure ta.

Wata Asabar ba a buga ƙarfe ba.
An ce farashi ya faɗi a wani gari mai sanyi.
Akawu ya kulle ofis, ya tafi da littafin suna,
da bashin mako uku a ciki.
Mossi suka koma, Zabarmawa suka nufi kasuwar katako,
gida goma sha ɗaya suka ce ina za mu?
Sun riga sun binne cibiyoyi a nan.
Suka kai wa mai ƙasa rago da gaisuwa,
ya nuna da sanda: daga kwarami zuwa tururuwa can.

Sai birni ya taho, ba sallama.
Bulo ya ci layi na farko, kwalta ta ci na biyu.
Rumfar inji yanzu garejin Fuseni ce,
yana zuba baƙin mai a ramin da ƙafar injin ta tsaya.
Kwaramin ya zama kwata.
Asibi tana sayar da igiyar roba shuɗiya a bakin tasha,
daga Sin, in ji ta, ba ta ruɓewa.

Bara wani ya zo da takarda da hatimi
ya ce filin na kakansa ne.
Muka ce namu kakan yana ƙarƙashinsa, je ka tambaye shi.
Shari'ar tana nan, an ɗaga zuwa bayan Sallah.

Bayan makabarta guda ta rage.
Ba mai ba ta ruwa, ba mai yankan ta.
Bana ta fid da sanda doguwa, ta fi katanga,
ta yi fure sau ɗaya, yadda irinta ke yi kafin mutuwa,
ta zubar da 'ya'ya a kan kaburbura.
Ɗiyata Lantana ta tsinto ɗaya,
ta dasa a gwangwanin madara, ta ce mene ne sunanta?
Na buɗe baki, sai ƙayar ta soke ta,
ta sa yatsa a baki, tana harara ta.