Albam Mai Aljihu Tamanin

Ranar Talata, da ruwa ya ɗan tsagaita,
muka hau tirotiro daga Aboabo zuwa Adum,
ni da Sahura, kwana goma sha tara da ɗaurin aurenta,
lallen ƙafarta bai gama gogewa ba.
Ambulan yana aljihun gaban rigata,
ina ta dafa shi kamar mai ciwon ƙirji.

Ta ce, "Baba, duk suna cikin waya fa."
Na ce, "Wayar yayanki da ta faɗa kwata a Kejetiya,
ina hotunan sunan ɗansa suke yanzu?"
Ta juya ta kalli taga.

Shagon Maame Serwaa matsattse ne,
tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da laima.
Ta sauko mana da huɗu,
tana goge su da gefen zaninta.

Na farko ja ne, karammiski, da zuciya ta ruwan zinare.
Na shafa shi sau ɗaya.
Shekara talatin ina kan keken ɗinki,
na san yadin da ba ya kai damina biyu.
Na biyu fari fat, a bangonsa wasu Turawa
suna rungume da juna a bakin teku.
Sahura ta ce, "Wa ya gayyace su?"
Na uku, da an buɗe shi sai ya kama kiɗa.
Muka rufe shi da sauri, mu uku muna dariya.

Na huɗu ba ya kiran ido.
Ruwan ƙasa ne, bangon fata,
an ɗinke gefensa da zare, ba gam aka shafa ba.
Na ja zaren da farce, bai motsa ba.
Aljihu tamanin. Hotunanmu saba'in da uku.

Na yi ciniki da Tonancina mai ɗingishi,
ta mayar mini da Hausarta mai tsami,
muka haɗu a tsakiya, sidi goma ya faɗi.

A kan teburinta muka fara jerawa:
Gwaggo Adiza baki buɗe a kan tukunyar tuwo,
ango Tahiru hularsa ta karkace,
rumfar da ruwa ya cika har ta yi ciki,
wani yaro da ba wanda ya san ɗan wa ne
ya shiga hoto tara, riƙe da cinyar kaza.

Sai na tambaya, "Danshi na shiga aljihun nan?"
Maame ta dube ni ta saman tabarau.
"Papa, a Kumasi ba inda danshi ba ya shiga.
Ka ajiye shi sama, nesa da bango,
kuma ka riƙa buɗe shi yana shan iska."

Nan na ciro ƙaramar takarda daga bayan ambulan.
Hoto ɗaya aka ɗauke mu ranar namu,
ni da Memuna, a ɗakin hoto na Asawase.
Na rataye shi, na bar shi ga bango da damina.
Shekarar da ta rasu na ce bari in sake masa firam,
rabin fuskarta ya bi gilashi.
Abin da ya rage: ido ɗaya, ɗan kunne ɗaya,
da hannuna a kan kujerarta,
don kunya ba ta bar ni na dafa kafaɗarta ba.

Sahura ba ta ce komai ba.
Ta zare hotonta daga aljihun farko,
ta matsar da saba'in da uku ɗaya bayan ɗaya,
ta sa uwarta a gaba.
Ta ƙirga da yatsa: "Saura shida."

Da muka fito, ruwa ya dawo.
Na nannaɗe albam a leda biyu,
na cusa shi ƙarƙashin riga.
Ta buɗe laima, ta karkata ta kan ƙirjina,
muka bar kawunanmu suna jiƙa
har tashar mota.