Ginshiƙi na Bakwai

Majalisar gari ta ba ni fili a bakin kogin Calle-Calle,
taku ashirin da huɗu a tsaye, goma sha ɗaya a kwance,
ta ce a yi mata rumfa:
ba bango, ba ƙofa, ba makulli,
kuma kada ta jingina da ginin kowa.

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Don haka da rufi na fara.
Wata uku ina lanƙwasa kwali a kan teburin girki,
shayi na hucewa, gam na bushewa a yatsuna,
har na sami rufin da ya karkata
kamar fiffiken tsuntsun da ya sauka
bai gama naɗewa ba.

Sai ƙafafu.
Na zana bakwai.

Brunilda Oyarzún, injiniyarmu, ba ta wasa da lissafi.
Kakarta ta ga ranar da ƙasa ta yi rawa a garin nan,
kogi ya shiga ɗakunan mutane ba sallama.
Ta kwana biyu da zanena, ta dawo da jan biro.
Shida ne ke ɗauke da kaya, in ji ta,
na bakwai ɗan rakiya ne,
ya ci katako, ya ci kuɗin jama'a,
ko nauyin tsinke bai ɗauka ba.
Cire shi.

Na ɗauko magogi.
Hannuna ya ƙi.

Na kai ƙara wurin tsoho Eleuterio, kafinta,
wanda ya shekara arba'in yana ƙera kwalekwale
kafin gwiwa ta raba shi da ruwa.
Bai damu da takardar ba.
Ya jiƙa yatsa da yawu, ya ɗaga sama.
Iskar arewa ta nan take bi, ya ce,
kada ki tare mata hanya, ba ta san haƙuri ba,
bar ta ta ratsa kamar maƙwabciya mai yanke.
Na ce, ginshiƙin fa?
Ya tofar da ƙusar da ke bakinsa.
'Yata, ni ma ba na ɗaukar komai yanzu,
amma ba a fitar da ni daga gida ba.

Muka yi sulhu da Brunilda a kan kofi mai ɗaci:
ya tsaya, amma daga aljihuna,
kuma a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da rufi
don kada ya yi wa kowa ƙarya.

Ranar buɗewa aka rasa inda za a ɗaura ƙyallen yankawa.
Aka yi ta dariya cikin ruwa.

Bana na koma, shekara biyu cif.
Tagullar rufi ta fara kore.
Ginshiƙai shida fes, kamar ba a taɓa su ba,
kowa na ratsa su ya wuce.
Na bakwai kuwa ya yi baƙi daidai kafaɗa,
ya yi sulɓi, yana sheƙi.
An manna masa cigiyar kyanwa mai ido ɗaya.
Sarƙar keke ta ci masa ƙafa.
Wata mai sayar da kifi ta ba shi bayanta
tana ƙirga canji, tana jiran jirgin ƙarfe biyar.
A tazarar nan ta yatsu huɗu
wata tsattsewa ta kwaɓa laka, ta tare.

Brunilda ta zo da ma'auninta, don ba ta yarda da ido.
Ta auna, ta goge tabarau, ta sake aunawa.
Ya karkata, ta ce. Kaurin farce biyu, wajen kogi.
Ta yi shiru.
Sannan ta jingina da shi,
ta buɗe littafinta, tana neman layin
da ake rubuta irin wannan nauyi.