Ganyen Bakin Ƙofar Majema

A Fas nake jima, can ƙasan kwari,
inda ramuka ke jere kamar saƙar zuma,
wannan na farar ƙasa, wancan na kashin tattabaru,
na gaba ja wur, na bayansa rawaya.
Tun asuba nake ciki har gwiwa,
ina tattaka fatar akuya ta yi laushi,
tawa fatar kuwa tana tsagewa.

Baƙi kan hau bene su leƙo mu,
kowa da reshen na'a-na'a a hanci.
Su ɗauki hoto, su yamutse fuska,
in sun sauko su yar da shi a lungu,
alfadarai su bi ta kai.

Lalla Kanza ce ke sayar da shi a bakin ƙofa.
Daga Maknas damin ke zuwa mata kafin hantsi,
lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.
Ta ce babu abin da ke ci mata rai
kamar ganin magani ya koma abin toshe hanci.

Ran nan na zo wucewa ina susa.
"Bushta, zo nan. Miƙo hannun."
Ta juya shi kamar mai taya kankana,
ta bi kurajen da ido har gwiwar hannu.
"Tafasa ruwa, ka sauke, sannan ka zuba ganye.
Kife faranti a kai, kar ƙamshin ya tsere,
ƙarfinsa a tururin yake.
In ya huce, jiƙa tsumma ka ɗora.
Amma nan da ya tsage yana jini, kar ka kai shi,
wannan na asibiti ne, ba nawa ba."

Daren nan na yi yadda ta ce.
Wani sanyi ya ratsa ni, ba na ruwa ba,
kamar an buɗe taga a cikin fata.
Ƙaiƙayin bai mutu ba, ya dai zauna,
ya bar ni na yi barci har kiran salla.

Sai kuma ciki.
Ranar Talata na cika shi da ƙafar sa da wake,
ya kumbura, ya yi tim kamar salka,
ina tafe yana gunaguni a gabana.
Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya na azurfa ya fito.
"Ku dai kun nutsar da ganyen nan a sukari,
har ya manta aikinsa.
Sha shi tsura, da ɗumi, kurɓi kaɗan-kaɗan."
Ban kai ƙarshen kofin ba gyatsa ta zo,
ta biyu ta biyo ta, ɗaurin ya kwance.

Na ce ashe maganin kowa ne.
Ta girgiza kai.
"Mijina, Si Allal, shekara talatin da ƙwannafi,
in ya sha, wuta ce ke hawo masa maƙogwaro.
Ina sayar da shi a waje, ina ɓoye shi a gida.
Ba kowane ciki ke maraba da baƙo ɗaya ba."

Damina biyu ke nan ba ta fito ba.
Jikarta ce a kan tabarmar, tana duba waya,
tana miƙa reshe ba ta kalli hannun mai karɓa ba.

Ni kuwa in an tashi aiki, ina bin lungun,
ina tsintar waɗanda ba a taka ba.
Na tsoma su a kwalba, kwana shida su yi saiwa.
Yanzu gwangwani tara ne a saman ɗakina,
har ya tsallaka katangar maƙwabci,
shi ma bai ce a cire ba.